Da za a haɗa Python, Java da JavaScript su zama harshe ɗaya, wa zai sauko?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. A ofishinmu na masu rubuta manhajar kwamfuta da ke Yaba, mai rubuta Java ba ya wucewa ta gaban teburin mai Python sai ya tambaye shi inda ya jefar da waƙafi mai ruwa (alamar ; da Java ke rufe umarni da ita), shi kuma ya rama da cewa mutumin Java sai ya cika layi biyar kafin kwamfuta ta gaishe shi. Manya, shin an taɓa gwada haɗa nahawun harsunan nan wuri guda domin a huta?

Yayar Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan ai wasan Kanawa da Zazzagawa ne, ba a raba shi. Masu Python ma sun riga sun ba da amsa a cikin harshen kansa: idan ka rubuta from __future__ import braces, kana neman a ba ka baka biyu masu lanƙwasa irin na C da Java, sai ya jefo maka saƙon kuskure cewa ba za ta taɓa saɓuwa ba. Tun da Guido van Rossum ya fitar da harshen a 1991, tazarar farkon layi ce ke nuna iyakar kowane sashe, kuma a kanta suka kafe.

Malamin Ikeja:
An gwada, ɗana. A shekarun 1960 kamfanin IBM ya fito da harshen PL/I, inda ya ɗebo daga harsunan da suka gabace shi: lissafin Fortran, da aikin kasuwancin COBOL, da tsarin ALGOL, da nufin kowa ya samu nasa. Harshen ya yi girman da rubuta manhajar da za ta fassara shi ga kwamfuta ya zama jan aiki, masu Fortran da masu COBOL kuwa yawancinsu suka ci gaba da zama inda suke. Ni a ganina sulhun da ya yi aiki shi ne na ƙarƙashin ƙasa: harsunan Kotlin da Scala suna gudana a kan injin Java, wato manhajar da ke gudanar da abin da aka rubuta da Java, amma kowanne da nahawunsa.

Ɗan Agege:
Na gode, Malam. To JavaScript fa, ba ɗan Java ba ne?

Yayar Idi-Araba:
Suna kawai ya ara domin talla. Brendan Eich ne ya rubuta shi a Netscape cikin kimanin kwana goma a 1995, kuma idan ka manta waƙafi mai ruwa, yakan saka maka da kansa, wani lokaci a inda ba ka nufa ba.