Na samu aiki a Gombe, ta yaya zan yi wa maigidana sallama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 4 ina tsaron shagon kayan masarufi a kasuwar Wunti, nan Bauchi. Maigidan aminin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Yanzu wani dilan hatsi a Tudun Hatsi, Gombe, yana nemana, albashin ya fi, ga aure a gabana. Azumi ya ƙarato, littafin bashi da makullin sito duk suna hannuna. Ina tsoron a ce na yi butulci. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Muda Lawal, Bauchi: Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari ya ji a bakin wani. Irin wannan magana ba a yinta a shago gaban masu sayayya, balle ta WhatsApp. Ka ɗauki kawunka ku same shi a gida bayan isha'i, ka fara da godiya, sannan ka nemi izini da albarka. Na sha sallamar yara. Tafiyarsu ba ta taɓa yi min ciwo ba, sai ta wanda na wayi gari na tarar ya bar makulli wurin maƙwabci.

Wata ma'aikaciya daga Gombe: A Dokar Ƙwadago, wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 a wurin aiki, sanarwar mako 2 ce a kansa kafin ya bar aikin, kuma a rubuce. Ka rubuta ko da layi uku ne, ka sa kwanan wata.

Ɗan kasuwan ya ƙara: Hajiya, gaskiyarki, amma mako 2 a bakin azumi zai bar mutumin nan cikin wahala, lokacin ne sukari da gero ke tafiya. Ka roƙi na Gomben ya jira bayan sallah. In mutumin kirki ne, hakan ma zai sa ya ƙara yarda da kai.

Wani malami: Littafin bashin nan shi ne wurin rigima. Ku zauna ku bi shi suna bayan suna, a ƙirga kayan sito gaban shaida, kowa ya sa hannu. Ka koya wa wanda zai gaje ka masu biya ƙarshen wata da masu sai an bi su.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Na kira Kawu, ran Juma'a za mu je.