Wane batirin caji ne ba zai ƙona min tocila ba?

Assalamu alaikum, masu gyaran kayan wuta a taimaka min. Tocilata ta LED batir AA biyu take ci, kuma sayen batir kullum ya ishe ni. Na sa masu caji na NiMH, sai hasken ya dushe, tunda su volt 1.2 ne, alkaline kuwa 1.5. Wani mai shago ya nuna min lithium 14500, girmansa ɗaya da AA, amma 3.7 aka rubuta a jikinsa, in ya cika caji har 4.2 yake kaiwa. Guda biyu sun haura 8 ke nan a gurbin 3! Ya ce ba komai, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ƙwan zai ƙone? Ko in nemi lithium mai caji ta USB da ke ba da 1.5?