IgE ya hau a takardar gwaji: shin asmar ta tsananta ke nan?

Likitan ƙirji:
Assalamu alaikum. Kowa ya kawo abin da yake gani a ɓangarensa. IgE sinadarin garkuwar jiki ne da ke maƙale a wasu ƙwayoyi na bangon hanyar iska. Da mutum ya shaƙi abin da jikinsa ya ƙi, kamar kashin ƙananan ƙwarin katifa ko ɓurɓushin kyankyaso, sai ƙwayoyin su amayar da histamin, sinadarin da ke jawo kumburi da ƙaiƙayi, hanyar iska ta tsuke cikin kwata ɗaya na awa. Bayan awa huɗu zuwa takwas kumburi kan sake tasowa. Shi ya sa wanda ya kakkaɓe katifa da la'asar yake farkawa tsakar dare ƙirjinsa na kukan usur.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, likita. A yankinmu jimillar IgE ita kaɗai yaudara ce. Tsutsar ciki da tsargiya kan ɗaga ta har dubbai, alhali yaro ƙirjinsa lafiya lau, don haka a duba bayan gida da fitsari tukuna. Wanda ke da amfani shi ne IgE na takamaiman abu: daga 0.35 kU/L ake cewa jiki ya san abin. Gwajin fata kuwa, a ɗiga ruwan abin da ake zargi a fatar hannu, a taɓa da tsinin allura, a jira minti 15. Kumburin sai ya fi na ɗigon ruwan gishiri da milimita 3 kafin a ƙirga shi. Abin da ke ɓata mana aiki: mutum ya sha maganin da ke kashe kaifin histamin, irin su Piriton ko loratadin, da safe bai faɗa ba, sai fata ta yi shiru. A dakatar da su kamar mako guda kafin gwajin.

Likitar yara:
Gaskiyarki, Hajiya. Binciken Burrows na 1989 a Tucson ta Amurka ya nuna asma na ƙaruwa a cikin jama'a gwargwadon hawan IgE, amma wannan hukuncin taro ne, ba na mutum ɗaya ba. Yaron da ya fi wahala yawanci shi ne wanda gwaji ya nuna jikinsa ya ƙi abu uku ko huɗu, kuma yana kwana da su a ɗaki. Mura ta kama shi a hunturu, sai gadon asibiti. Tsanani dai a bakin uwa ake jin sa: dare nawa ya tashi da tari a wata, sau nawa ya fasa makaranta, abin hurawa na auna ƙarfin numfashi ya nuna ƙasa da kashi 80 na mafi yawan abin da yake iya hurawa ko a'a. Ƙasa da 50, maza asibiti.

Mai harhaɗa magunguna:
Ni gwangwanin salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska nan take, nake ƙirgawa. Uku ko fiye a shekara, asmar ba ta kwanta ba, ko IgE nawa ne. Tun 2019 GINA, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin maganin asma, ta daina yarda da shi shi kaɗai; sai an haɗa da sitiroyid na shaƙa mai kwantar da kumburi, a kurkure baki bayansa. Allurar omalizumab da ke ɗaure IgE, wadda Amurka ta amince da ita a 2003, da nauyin mutum da adadin IgE ake auna ta, tsakanin 30 da 700 IU/mL ga manya, duk mako biyu ko huɗu. Tsadarta fa, sai dai a yi shiru. Kuma kafin a kai nan a duba yadda yake shaƙar magani, da yawa a harshe yake ƙarewa.

Likitan ƙirji:
Wuri ɗaya ne lambar ke tayar mini da hankali: IgE ya wuce 1000, babu tsutsa, asma ta ƙi jin magani, majina mai kauri ruwan ƙasa tana fita dunƙule-dunƙule. A nemi IgE na funfunar Aspergillus, a ɗauki hoton ƙirji, a kuma gwada kaki don tarin fuka, domin a hoto cutar funfunar da tarin fuka sukan yi kama.