Shawarar waɗanda suka riga mu hawa fadar Prag

Na tattauna da waɗanda suka taɓa ziyartar tsohuwar fadar birnin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a yi sammako. Ana buɗe harabar tun ƙarfe 6 na safe, shigarta kyauta ne, amma gine-ginen sai ƙarfe 9 kuma da tikiti. Da hantsi ya yi, ayarin 'yan yawon buɗe ido kan cika ko'ina.

Fadar a kan tudu take, don haka yawancinsu suka ce a hau taragun lantarki na cikin gari (tram) mai lamba 22 zuwa sama, in an gama a gangaro da ƙafa ta tsoffin matakala. Ni ma haka na fi so, musamman ga mai tafe da dattijo ko yara. A sa takalmi mai taushi, domin daɓen duwatsu ne.

Inda kowa ya fi daɗewa shi ne majami'ar Saint Vitus, wadda aka fara gininta a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Gilasan tagoginta masu launi kaɗai sun isa a tsaya a yi kallo a natse. Hasumiyarta tana da matakala 287; wasu sun ce ganin birnin daga can ya biya wahalar, wasu suka ce mai ciwon gwiwa ya haƙura.

Har yau ofishin shugaban ƙasa yana cikin fadar, kuma da ƙarfe 12 na rana ake babban bikin sauya masu gadi. Mai son gani ya kama wuri da wuri.