Sharar bututun iska a gidajen Amurka: akwai amfani ko cin kuɗi ne?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da muka sayi gida a Maryland, ginin 1996. Na'ura ɗaya ce ke hura sanyi da ɗumi ta bututun da ke cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Tun da muka tare takardun talla ke ta zuwa, wani kamfani ya ce dala 99 zai share bututun gidan duka, wani da na kira ya ce dala 750. Yarona yana da asma, kuma in na yi kwana biyu ban goge tebur ba sai ƙura ta hau. Sharar nan tana da amfani? In tana da shi, me ya kawo wannan tazara a farashi?

Injiniya Sanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a gida. Kafin ki fitar da ko sisi, ki leƙa da idonki. Ɗauki sukundireba ki kwance ragar bakin bututu uku ko huɗu, har da babbar ragar da ke zuƙe iskar ɗaki ta mayar wa na'ura, don ita ta fi tara datti. Ki zura waya da fitilarta a kunne ki ɗauki hoto. In ƙura ce siririya manne a jikin ƙarfe, wannan ba komai ba ne, kowane gida haka yake, kuma yawancinta ta zauna daram, iska ba ta ɗaga ta.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da jagora a kan wannan tun 1997. Ta ce ba a taɓa nuna cewa sharar bututu tana hana wata rashin lafiya ba, kuma ba ta ba da shawarar a riƙa yi lokaci-lokaci. Hali uku ta ware: fumfuna mai yawa da ido ke gani a cikin bututu ko jikin na'ura, ɓeraye ko ƙwari sun yi gida a ciki, ko datti ya taru har ana ganin yana fesowa cikin ɗaki. Na ukun ya fi faruwa bayan an yi gyaran gida, aka goge bango ko katako na'ura tana aiki. Ki tambayi dillalin da ya sayar muku ko an yi irin wannan aikin kafin a sa gidan a kasuwa.

Ƙurar tebur kuwa, mafi yawanta daga kafet take, da zaren tufafi, da ɓawon fatar mutum, da ƙasar da takalmi ke shigowa da ita. Share bututu ba zai tsayar da ita ba. Maganar asmar yaro, a kai wa likitansa ya gano abin da ke tayar masa da ita, sau da yawa a katifa da kafet yake.

Malam Dan Borno:
Hajiya, tazarar farashin ita ce tazarar aikin. Na dala 99 ƙugiya ce. Mutum ɗaya zai zo da ƙaramin injin zuƙe ƙura, ya share iya inda hannunsa ya kai, minti arba'in ya gama. Daga nan sai ya nuna miki wani baƙin tabo ya ce fumfuna ce mai kisa, kuɗi ya tashi daga 99 ya haura dubu. Ita kanta EPA ta kawo dala 450 zuwa 1,000 a matsayin farashin da aka saba ga na'ura ɗaya, kuma tsohon ƙiyasi ne.

Aikin gaske ga yadda yake. Za su yanka rami, kamar inci 8, a babban bututu kusa da na'ura, su jona ƙaton tiyo zuwa injin zuƙa. Ko injin yana cikin mota a waje, ko kuma in a cikin gida yake dole ya zama mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙura komai ƙanƙantarta, in ba haka ba ƙurar da ya zuƙo ita zai watsa miki a falo. Za su toshe duk ragogi, sannan su riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe ciki da buroshi ko bulalar iska, injin yana ja. Ɓangaren da ke kai iska daban, mai dawo da ita daban. Sai fankar da ke hura iskar, da kwayil, wato naɗaɗɗen bututun ƙarfen da ke sanyaya iskar, da farantin da ruwa ke ɗiga a kai. Wanda ya share bututu ya bar waɗannan ukun, ya wanke kwano ne ya zuba miyar jiya. A ƙarshe su rufe ramukan da falle na ƙarfe su liƙe. Gida matsakaici, mutum biyu, awa uku zuwa biyar.

Inda ake ɓarna: bututu mai lanƙwasa, wanda leda ce aka naɗe a kan waya. Buroshi mai tauri yana yaga shi, kuma yana saman silin inda ba mai gani, sai dai kuɗin wuta ya tashi. Na audugar gilashi kuma in aka kankare shi da ƙarfi zarensa ke bin iska. Akwai wata matsalar kuma da ba ta shafi gidanki na 1996 ba, amma masu gidan da aka gina kafin 1980 su kula, farin ƙyallen da aka naɗe gaɓoɓin bututu da shi yana iya zama asbesto, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu, ba a taɓa shi sai an gwada.

In za ki yi, ki nemi mai rajista da NADCA, ƙungiyar masu sharar bututun iska ta Amurka, ya rubuta farashi dunƙule da jerin abin da zai taɓa, ya ba ki hoton kafin da na bayan aiki. Duk wanda ya ce EPA ta ba shi shaida, ƙarya yake, ba ta ba kowa.

Hajiya Ladi Toronto:
Ƙari a kan fumfuna, 'yar'uwa. Ba duk baƙin tabo ne fumfuna ba, kuma ido ba ya tabbatarwa. Ana manna salatif a wurin a kai ɗakin gwaji. In ta tabbata, a nemi inda ruwa ke fitowa: tiyon da ke fitar da ruwan na'ura ya toshe, ko faranti ya tsage, ko bututu mai sanyi yana gumi don rufinsa ya ɓare. Ba a gyara wannan ba, za ta dawo. In audugar gilashi ce ta jiƙe ta yi fumfuna, ba ta wankuwa, cirewa ake yi a sa sabuwa. Kada ki yarda a fesa miki maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki haka kawai, musamman da mai asma a gida. Danshin ɗaki ya zauna tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kada ya wuce 60.

Ni a ganina bututun da ya fi cancantar kuɗinki ba a ambace shi ba: na injin busar da kaya. Burbushin zare ke taruwa a cikinsa, kuma yana kama wuta. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobara kusan 2,900 a shekara daga waɗannan injina, kuma babban dalili shi ne rashin sharewa. A share shi sau ɗaya a shekara. Alamar toshewa ita ce kaya suna buƙatar zagaye biyu kafin su bushe.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai. Na duba kamar yadda Injiniya ya ce, ƙura ce siririya, ba kashin ɓera. Amma na zaro filta, matatar da ke tare ƙura kafin iska ta shiga na'ura, ta yi baƙi ƙirin har ta lotsa. An rubuta 16x25x1 a gefenta.

Injiniya Sanyi:
To ga ɓarawon nan, Hajiya. Lotsawar tana nufin ta toshe har fanka ta tsotse ta, iska tana bi ta gefe da ƙurarta. Ki sayi mai wannan girman daidai, MERV 8 ko 11 (MERV ita ce lambar da ke nuna ƙarfin tacewarta), kibiyar da ke gefenta ta kalli na'ura. Mai kauri inci 1 ana duba ta duk wata, a canza kafin wata uku. MERV 13 ta fi kama ƙananan abubuwa, sai dai a inci 1 tana iya shaƙe tsohuwar fanka, kwayil ya daskare. In ita kike so saboda yaro, a sa miki akwatin filta mai inci 4.

Tunda an daɗe a haka, ƙura ta riga ta kai kwayil da fanka. Ki kira mai gyaran na'ura, ba mai sharar bututu ba, ya wanke su, ya buɗe tiyon ruwa. Ki sa shi ya duba gaɓoɓin bututu ma, don Energy Star, shirin gwamnatin Amurka na tsimin makamashi, ya ce gida yakan yi asarar kashi 20 zuwa 30 na iskarsa ta yoyo, kuma yoyon bututun dawowa yana zuƙo ƙurar saman silin. Da mastik, wani danƙo da ake shafawa, ko salatif na alminiyam ake liƙewa, salatif toka-tokan nan na yadi bushewa yake yi ya ɓare.