Naitirayit ya ƙi sauka a sabon tankin ruwan gishiri

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Tankin kiwon kifin teku ne mai lita 200, da busassun duwatsu kilo 15 da yashi, babu kifi tukuna. Yau sati biyar da haɗa shi. Don bakteriyar da ke tsaftace ruwa su kafu kafin a sa kifi, kullum ina zuba amoniya har ta kai 2 ppm (kashi 2 cikin miliyan), washegari ta koma sifili. Amma naitirayit yana nan a 5 ppm, ko gezau. Naitiret ya haura 80, gishiri 1.025 (nauyin ruwan in an gwada shi da ruwan daɗi), zafi digiri 26, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 7.7. Ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, dakatar da amoniyar nan daga yau, ita ce silar abin. Bakteriya iri biyu ne ke aikin. Masu mai da amoniya naitirayit sun riga sun kafu a tankinka. Masu mai da naitirayit naitiret, irin su Nitrospira, sun fi jinkirin hayayyafa. Kowace 1 ppm ta amoniya tana haifar da kusan 2.7 ppm na naitirayit, ka ga kullum kana jibga musu sama da 5 ppm alhali ba su gama da na jiya ba.

Kuma 5 ɗin da kake gani ƙarshen ma'aunin ne kawai, in irin na kamfanin API ne. Yana iya zama 20. Ɗebi mililita 1 na ruwan tankin, ka ƙara mililita 4 na sabon ruwan gishiri, ka ɗiga ɗigo biyar na sinadarin gwajin, ka jira minti biyar, sai ka ninka abin da ya nuna sau biyar. In ya wuce 5, canza rabin ruwan. Kowane canji rabi yake ragewa, don haka daga 20 sai an yi sau uku kafin a iso 2.5. Kada ka ji tsoron zubar da bakteriyar, a jikin dutse da yashi da soson tace ruwa suke manne, ba a cikin ruwa ba.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ya faɗa. Ni pH ɗin ne ya ɗauki hankalina. Aikin bakteriyar nan yana cinye KH, wato sinadaran da ke hana ruwa yin tsami, shi ya sa pH ke sauka. Auna KH, ana so ya tsaya tsakanin 7 da 11. In ya yi ƙasa, giram 6 na bekin soda a lita 200 yana ɗaga shi da kusan maki ɗaya. Soda fa, ba bekin hoda ba. Narkar da shi a kofi, ka zuba a hankali kusa da famfon da ke juya ruwan tankin.

Naitiret 80 ɗin kuwa, ka manta da shi. Ma'aunin sai ya mai da naitiret naitirayit kafin ya ba da launi, to muddin akwai naitirayit a ruwan, lambar za ta kumbura.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, awa nawa ake ɗauke muku wuta? Bakteriyar nan ba sa aiki sai da iskar oksijin. Famfo ya tsaya awa shida, ga zafi, ruwan cikin na'urar tacewa ya kwanta, aikin ya ja baya. Nemi ƙaramin famfon iska mai batir, ka kuma karkata famfon ciki sama har ka ga fuskar ruwan tana rawa. Soso kuma a tsohon ruwan tanki ake matse shi, don kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe su.

Naitirayit bai cika yi wa kifin teku illa kamar na ruwan daɗi ba, saboda yawan kulorayid ɗin gishiri yana tare masa hanyar shiga jini. Duk da haka kada ka yi gaggawa. In ya sauka sifili, zuba amoniya 2 ppm sau ɗaya. Idan bayan awa 24 amoniya da naitirayit duk sun nuna sifili, canza rabin ruwan, ka sa ƙananan kifi biyu, ka jira sati biyu kafin ka ƙara.