Taska da nuni: mu raba abin da gidan zane ya mallaka da abin da yake nunawa

Malamai masana harshe da 'yan jarida, ga wata magana da nake so mu tsayar. A gidajen adana zane-zane da sassaƙe na manyan birane akwai abubuwa biyu da Turawa ke kira collection da exhibition. Mu kuwa sai mu haɗa su mu ce "kayan tarihi" ko "baje koli", mai karatu ya tashi bai san wanne ake nufi ba.

Na farkon shi ne duk abin da gidan ya mallaka: wanda ya saya, wanda aka ba shi kyauta, da wanda wani ya bar masa a wasiyya. Kowanne da lambarsa a rajista, kuma mafi yawansa idon baƙo ba ya kaiwa gare shi. Gidan Louvre na Paris, da aka buɗe a 1793, abin da yake nunawa wajen 35,000 ne, alhali abin da ya mallaka dubban ɗaruruwa ne. Saura suna ɗakunan ajiya.

Wannan ina ganin "taska" ce ta dace da shi. "Tari" yawa kawai take faɗa, ba ta faɗin daraja ko tsari. "Ajiya" kuma tana sa a zaci kayan wani ne aka ba gidan amana. Taska kuwa da jin ta ka san abu ne mai tsada, a killace, da mai lissafinsa.

Inda za mu yi gardama shi ne na biyun, wato abin da gidan ya fito da shi don mutane su kalla. Na san "baje koli" ta zauna a bakin mutane, kuma kalma ce mai daɗi. Amma koli kayan ɗan koli ne, allura da zare da madubi, kuma ba ya baje su sai don a saya. Saboda haka a bar ta inda ake ciniki, kamar kasuwar zane ta Art Basel da aka fara a Suwizalan a 1970. Can kam baje koli ne, ana tambayar farashi. Abin da ke rataye a bangon gidan adana zane kuwa kallo aka kira ka ka yi.

Shawarata ita ce "nuni", jam'i "nune-nune". Mu gwada ta. A 2023 gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya tara zanen Vermeer, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, guda 28 wuri ɗaya, huɗu kacal ne nasa, sauran aro ya yi daga wasu gidaje da ƙasashe. Sai a rubuta: "Huɗu daga taskar gidan suke, sauran an aro su ne domin nunin." Magana ta fita, ba sai an ƙara bayani ba. Da aka rufe nunin kowane zane ya koma taskar masu shi.

Akwai kuma akasin haka, abin da yake cikin taska amma ba ya cikin nuni. Wani zomo da Dürer, mai zane ɗan ƙasar Jamus, ya zana a 1502 yana gidan Albertina na Biyana, babban birnin Ostiriya. Launin ruwa ne a kan takarda, ga gashin zomon sili-sili, har hoton taga ana hangowa a ƙwayar idonsa. Haske yana cinye irin wannan launi, don haka yawancin lokaci a duhu yake, ba a fito da shi sai jefi-jefi. In kalma ɗaya gare mu, ta yaya za mu bayyana wannan?

Wani zai ce ai "nuni" tana nufin ishara, kamar a "ya yi nuni da cewa". Haka ne, amma abin da ya biyo bayanta yana raba gardama: "nunin zane-zanen Vermeer" ba wanda zai ɗauke shi ishara. Tana kuma karɓar ƙari ba wahala: nunin dindindin, nuni na ɗan lokaci, nuni mai yawo daga birni zuwa birni.

Saura ma'aikacin da ke zaɓar zanen da za a fito da shi, ya nemo aro, ya tsara wanne zai rataya kusa da wanne. "Mai kula da gida" ta yi masa kaɗan, don har mai gadi tana ɗauka. Ni "mai tsara nuni" na kawo. Malamai, me kuka gani?